Titin da Na Zana Zai Bi ta Tsakar Gidan Kawuna

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki amsa min da wuri, domin abin da ya same ni ba mai jira ba ne. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Ni ce ma mai yi wa ƙawayena dariya idan na ga suna karanta filinki, ina cewa wane irin mutum ne zai kwashe sirrin cikinsa ya kai wa wadda bai taɓa gani ba. To yau ga ni a ƙofarki, ki yafe min dariyar.

Ni ɗaliba ce, ina karanta fannin tsara birane a jami'a, kuma na kusa gamawa. Da lokacin sanin makamar aiki ya zo, sai aka tura ni hukumar tsara birnin da nake zaune. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, bai taɓa nuna min bambanci ba. Kafinta ne. Shagonsa yana gaban gidan, ta cikinsa ma muke bi mu shiga tsakar gida, shi ya sa duk wanda ya tashi a gidanmu za ki ji ƙamshin katako a kayansa. Da zarto da guduma ya kai ni inda nake. Ranar da ya ji inda aka tura ni, babu wanda bai faɗa wa ba a layinmu, har mai kawo masa ƙusa sai da ya ji cewa 'yarsa ta shiga cikin masu zana gari.

Ofishin ba kamar yadda na zata ba ne. Ɗaki ne dogo a saman bene, da taswirori a nannaɗe cikin durowar ƙarfe, wasu sun girme ni, da wata firinta mai faɗin gado wadda in ta fara kuka sai kowa ya daina magana. Ni aikina da farko shi ne naɗe takarda da kwance takarda. Wanda aka haɗa ni da shi, mataimakin shugaban sashe, a bayan idonsa ana kiransa Sai-An-Duba, domin ko gaishe shi kika yi kika tambayi lafiyar iyali, sai kin ga kamar zai ce sai an duba. Ba mugu ba ne, ya koya min abubuwa da dama. A cikin abin da ya koya min har da wanda ya jefa ni cikin wannan hali.

Ana so a fitar da sabon titi da zai rage cunkoson da ke tsakanin kasuwa da tashar mota. Ƙa'ida ita ce duk aikin titi a kai wa kwamiti hanyoyi uku ya zaɓi ɗaya. To ashe a ofishin nan, tun kafin a haife ni, hanya ɗaya ce kawai ake yi wa aikin gaske. Sauran biyun sunansu 'yan rakiya. Ana zana su ne don a cika ƙa'ida, a yi su a karkace da gangan, yadda kwamiti zai kalle su ya yatsina fuska ya koma kan ta farko. Ɗan rakiya ba a tura masa safiyo mai awon ƙasa, ba a ba shi motar fita. Ɗalibi ake ba wa, a ce ya zana daga kansa. Sai-An-Duba ya shafe watanni a kan hanyarsa ta farko, ni kuma ya miƙo min ta uku, ya ce in yi wasa da ita in koyi hannu, kada in wahalar da kaina.

A nan ne wayona ya kai ni ya baro. Na taɓa jin ma'aikatan suna hira cewa duk hanyar da kwamiti ya duba ya ƙi, ta mutu ke nan har abada, domin za a rubuta cewa an bincika ba ta yiwu ba, kuma babu mai sake ɗaga maganar ko bayan shekara nawa ne. Sai na ce a raina, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. An daɗe ana raɗe-raɗin wata rana titi zai ci unguwarmu. Idan na bi da ɗan rakiyan nan ta layinmu aka ƙi shi, na yi wa unguwarmu rigakafi ke nan. Ga shi kuma an ce in zana daga kai, babu inda na sani a kaina kamar inda na tashi. Anti, da hannuna na ja layin nan. Ya taso daga bayan kasuwa, ya bi tsohuwar magudanar ruwa, ya ratsa shagon kawu, ya wuce ta tsakar gidanmu daidai inda muke shanya, ya fita bakin tasha. Ina ja ina murmushi, ina jin kaina wata gwana.

Kuma da na yi shi a karkace kamar yadda aka ce, da ban rubuto miki ba. Amma zuciya ta ƙi. Zanena na farko ne da zai shiga gaban manya, na ji ba zan iya bari a ga ƙazanta da sunana a ƙasa ba. Sai na zauna na ƙawata shi. Na sa inda ruwa ke taruwa idan an yi ruwan sama, domin na sha tsallake shi da takalmi a hannu. Na sa inda yara ke tsallakawa zuwa makaranta, na ba su wurin tsallakawa. Na nuna filayen da babu gini, da kangwayen da masu su suka bari. Duk abin da safiyo zai yi wata yana nema, ni na san shi tun ina yawo ba takalmi. Sai-An-Duba ko buɗe shi bai yi ba, ya ce in haɗa da sauran.

Ana cikin haka kawu ya kira ni shago. Ya ce ya ji ana ta maganar sabon titi, shi kuma yana so ya ɗora ɗaki a saman shagon, domin yaran sun girma gida ya yi mana kaɗan, kuma ya daɗe yana tanadin abin. Ya ce tunda Allah Ya ba shi 'ya a cikin ofishin, ba zai je yana tambayar bare ba. Na buga ƙirji na ce ya yi gininsa, titi ko kusa da mu ba zai zo ba. Har da rantsuwa na haɗa. Washegari aka sauke bulo da rodi a ƙofar gida.

Ranar zaman kwamiti aka shiga da ni don in riƙa danna kwamfuta ana haska zanen a bango. Abin da ba mu lissafa ba shi ne an canza shugabar kwamitin. Wata dattijuwar injiniya ce aka kawo daga wani wuri, mai tabarau a ƙarshen hanci, ba ta san da wata al'adar ɗan rakiya ba. Sai-An-Duba ya gama bayanin hanyarsa, ya ce sauran biyun ba sai an ɓata lokaci ba. Sai ta ce a'a, ita ta karanta duka ukun a gida, a hasko mata ta uku. Na danna, zanen ya fito a bango. Ta tashi ta je bakin bango, tana bin layin da biro, tana cewa wannan ta fi gajarta, ta bi magudanar da dama gyara take nema, kuma gidajen da za ta ci ba su kai rabin na hanya ta farko ba. Ta tambayi wanda ya zana. Aka nuna ni. Ta ce rabon da ta ga zanen wanda ya san ƙasar da yake zanawa har ta manta, ta sa aka tafa min.

Anti, tafi ake yi min! Ina zaune, biron matar nan yana kan tsakar gidanmu, mutane suna tafawa suna kallona suna murmushi. Na yi mutuwar zaune. Ban san lokacin da aka ɗaga hannu aka amince ba. Na dai tuna na fita na shiga banɗaki na buɗe famfo na tsaya ina kallon ruwa.

Bayan an watse Sai-An-Duba ya kira ni ofishinsa, shi ma fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya taya ni murna da baki kawai. Sannan ya ja min kunne cewa maganar sirri ce har sai hukuma ta yi sanarwa, domin da zarar ta fita wasu za su yi ta gini cikin gaggawa don a ƙara musu diyya, wasu kuma su zagaya su saye gidajen waɗanda ba su sani ba. Ya ce in magana ta fita ta bakina, ba zai sa min hannu a kan kammala aikin ba, kuma in ba sa hannunsa babu gama makaranta. Ya ƙara da abin da ya ƙarasa ni, wai duk ginin da aka ɗora bayan ranar zaman nan ba ya cikin diyya. Har yanzu bai san gidanmu ne ba. Babu wanda ya sani.

Tun ranar ban ci abincin kirki ba. Matar kawu tana zaton soyayya ce ta kama ni, tana ta tsokanata wai in kawo shi a gani. Kawu kuwa kullum da safe yana saman shago da magina, yana fito, yana kirana in hau in ga inda taga za ta kasance. Bango ya kai kan taga, kwanan nan za a zuba kankare. Maƙwabta suna tsayar da ni a hanya suna tambayar labarin titi, ina ce musu sai an duba. Ni ce yau da wannan kalmar a bakina.

Kaina ya kulle. Wani lokaci in ce in yi shiru, in sanarwa ta fito in yi kamar ni ma a lokacin na ji. Wani lokaci in ce in faɗa wa kawu komai, makarantar ta tafi. Akwai ma wani tunanin da nake jin kunyar rubutawa. Zanen yana kan kwamfutar da nake aiki da ita, zan iya shiga in lalata awon, in sa magudanar ta zama kamar ba za ta ɗauki titi ba, yadda za a dawo kan hanya ta farko. Anti, ya zan yi? Mutumin nan ya riƙe ni riƙon da ko ubana sai haka, ni kuma ga sakayyar da na yi masa.

Taki cikin ruɗani,
Ɗalibar da ta ja layi

*

'Yata, na karanta wasiƙarki na ajiye, na zagaya ɗaki, na dawo na sake karantawa. Na daɗe a wannan fili, amma ban taɓa cin karo da wadda ta je neman gira ta rasa ido irin haka ba. Sannu. Na ji tausayinki ƙwarai, sai dai tausayi ba zai hana in faɗa miki gaskiya ba.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ofishin da ke kai wa kwamiti zaɓi na bogi yaudarar jama'a yake yi, kuma abin kunya ne a ce wannan ne darasin da manya suka koya wa ɗaliba. Amma ke ma kin ɗauki aikin jama'a kin so ki kare gidanku da shi a ɓoye. Na san ƙauna ce ta sa ki, ba mugunta ba. To ki sani masu kautar da titi daga gidajensu duk haka suke faɗa wa kansu. Kin kuma ba kawunki tabbacin da ba ki da ikon bayarwa. Ɗaliba ba hukuma ba ce, rantsuwarki ba izinin gini ba ce.

Maganar lalata awo, ki cire ta daga ranki yau. Matar da ta karanta zane uku a gida ba za ta kasa gane an taɓa lissafi ba. In an kama ki, ba sa hannu kaɗai za ki rasa ba, sana'ar ce gaba ɗaya, kuma gidan ba zai tsira ba. In ma ba a kama ki ba, kin fara aikinki da ha'inci, kuma wanda ya fara da shi da wuya ya daina.

Akwai abin da na yi ta nema a wasiƙarki ban samu ba. Kin faɗa min inda kuke shanya, kin faɗa min inda taga za ta kasance, amma ba ki ce komai ba game da mutanen da ke ƙarƙashin hanya ta farko, alhali da bakinki kin ce gidajen can sun ninka na layinku. Idan kika yi nasarar kautar da titin, ba iska zai bi ba, kan wasu zai sauka, kuma su ma suna da shaguna da yara da tanadin shekaru, sai dai ba su da 'ya a ofis. Ki je ki bi layin can da ƙafa ki ga fuskokinsu kafin ki sake addu'ar a koma can. Mai yiwuwa ne zanenki shi ne daidai, kuma na san wannan ya fi komai ciwo.

Abu na farko shi ne a tsayar da ginin, ba tare da jinkiri ba. Sirrin ofis yana da dalili, kuma dalilin da aka ba ki gaskiya ne, don haka ban ce ki bi layi kina shela ba. Amma maganar da kika ba kawunki taki ce, kina da ikon janye ta. Ki same shi shi kaɗai, ba ta bakin matarsa ba, ki ce tabbacin da kika ba shi ba ki da hurumin bayarwa, kin janye, ya sallami magina har sai hukuma ta yi sanarwa. Wannan ba fitar da taswira ba ne, gyara ƙaryarki ne. Mutum ne mai hankali, zai gane sauran.

Daga nan ki wuce ofis ki faɗa wa wanda kike ƙarƙashinsa cewa gidanku yana kan layin, ki nemi a cire hannunki daga aikin. Ki shirya, zai iya ɗaukar maganarki ya mai da ita makamin farfaɗo da hanyarsa, ya ce zanen mai son rai ne. Saboda haka kada ki tsaya a kansa. Ki sanar da malaminki na jami'a mai kula da ku, ki roƙe shi ya raka ki wurin shugabar kwamitin, ki faɗa mata komai, har da yadda aka ce ki zana daga kai ba tare da safiyo ba. Ta cancanci ta san cewa hanyar da ta amince da ita ba a auna ta a ƙasa ba. Idan aka tura masu awo na gaske, ko su tabbatar da layin ko su gyara shi, hukuncin ya zama nasu, ya sauka daga wuyanki. Ba zan yi miki alkawarin ba za ki sha wuya ba. Za a iya yi miki faɗa mai zafi, za a iya sa ki maimaita watannin. Amma ɗalibar da ta kai kanta ta fi wadda aka gano samun mai tsaya mata.

Idan an tabbatar da titin, a nan karatunki zai yi wa kawunki rana ta hanyar da ta halatta. A irin wannan aiki yawanci akan ba jama'a lokacin kai ƙorafi, akan kuma kimanta gida da wurin sana'a. Ki bincika yadda abin yake a wurinku. Ki taya shi haɗa takardun gidan, ki tabbatar an lissafa shagon a matsayin wurin neman abinci, ki fara taya shi duba inda zai koma da injinansa ba tare da ya rasa masu kawo masa aiki ba. Abin da kika yi masa ki yi wa maƙwabta a fili.

Saura mai wuyar. Da zarar kin sauke nauyin ofis, ki koma ki faɗa masa wadda ta ja layin da dalilin da ya sa ta ja. Kada ki bari ya ji a bakin wani, domin sunanki yana ƙasan zanen, kuma ranar sanarwa kowa zai gani. Zai iya yin fushi, zai iya ɗauke miki wuta na wani lokaci, ki jure, kada ki kare kanki da yawan magana. Mutumin da ya riƙe marainiya har ta kai jami'a yana da faɗin zuciyar da zai yafe wautar yarinyar da ta so kare shi ta kuskure. Abin da ba na jin zai iya haɗiyewa shi ne ya gano daga baya cewa kin san komai, kina tsaye a tsakar gida kina kallonsa yana zuba guminsa a kan bangon da za a rushe. Kowace safiya da kika ƙara yin shiru, wannan laifin kike ɗorawa, kuma ya fi na farkon nauyi.

Ki ajiye jaridar nan ki je ki same shi. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sanyaya ransa a kanki, Ya musanya masa da mazaunin da ya fi wanda zai bari.

Antinki